Malama Gumsu da Babi Na Shida

An haifi Gumsu Kolo a Haɗeja a shekarar 1956, a watan da ake yankan shinkafa. Mahaifinta, Malam Kolo, Babarbare ne mai fataucin banda. Yakan sayi tarwaɗa da karfasa a hannun masuntan Kirikasamma, a gasa masa su a hayaƙi, a ɗaure a kwanduna, a kai tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. A wancan zamani jirgin yana zuwa a ranar da aka ce zai zo. Idan Malam Kolo ya dawo daga Kano yakan zo da tsofaffin jaridu na naɗe kifi, kuma a jikinsu ne Gumsu ta fara haɗa baƙi, tana karanta rabin labari domin ɗaya rabin ya tafi da wani kwandon. Daga baya takan ce abin da ya sa ta fara ƙirƙirar labari ke nan: dole wani ya ƙarasa.

Ta yi kwalejin horon malamai mata a Kano, ta fito a 1976, shekarar da aka buɗe firamare kyauta ga kowa. A shekarar ta auri Ɗahiru, malamin gona, aka tura su tare zuwa Tudun Kurungu, wani ƙauyen masunta a cikin fadamar Kirikasamma. Ƙauye ne da ruwa ke kewaye shi ta gefe uku wata huɗu a kowace shekara. Makarantar tana kan wani tudu dabam, tafiyar minti ashirin, kuma daga watan Agusta hanyar takan shige ƙarƙashin ruwa.

A makonta na biyu ta buɗe wa 'yan aji uku littafin karatun da aka aiko. A shafi na tara akwai hoton masunci. Yana zaune a kan kujera a bakin kogi, da takalmi sau-ciki, yana riƙe da doguwar sanda mai zare. Sai dariya ta ɓarke daga bencin baya har gaba. Wata yarinya ta ce iyalan wannan mutumin da yunwa za su kwana. Gumsu ba ta tsawata ba, domin ita ma 'yar mai kifi ce. Amma ta lura da abin da ya biyo baya: daga wannan shafi yaran suka daina yarda da littafin. Suna maimaita kalmomin da babbar murya kamar yadda aka umarce su, hankalinsu kuwa yana can waje.

Sai ta fara rubuta nata. Da fari a kan allo, daga baya a keken rubutu na ofishin mijinta. Ranar Asabar takan kai shafukan Haɗeja, inda wani akawu ke da injin gurza takarda, a juya mata kwafi arba'in ko hamsin a kan takarda mai ruwan ƙasa. Ta dawo ta ninke su, ta ɗinke da allura da zaren buhu. Kowane littafi shafi goma sha shida ne. Akwai na ɗan akuyar da ya shiga kwalekwale, akwai na tsohuwar da ta yi faɗa da tsuntsayen jan-baki a gonar shinkafa har muryarta ta dishe, akwai na makiyayin da saniyarsa ta fi shi iya iyo.

Tana da ƙa'ida guda wadda ba ta taɓa karyawa ba. Labari bai kammala ba sai ta karanta shi a gaban aji. Kuma ba fuskokin yaran take kallo ba, domin yaro ya iya gyara fuska a gaban malama. Ƙafafunsu take kallo a ƙarƙashin benci. Idan ƙafafu suka tsaya cik, shafin ya yi. Idan suka fara lilo ko murza ƙasa, sai ta sa alama da jan biro, ta koma gida ta yanke. Hedimastanta, Malam Shu'ibu, Bafulatani ne, don haka tsakaninsu akwai wasan nan na Fulani da Barebari. Yakan leƙo ta taga ya ce baiwarsa ta zo makaranta duba ƙafafu kamar mai sayen jaki. Ita kuma ta ce masa ya koma rugarsu, a nan ba a tatsar komai.

A damanar 1988 aka kawo sabon malamin asibiti ƙauyen, mutumin tudu, daga inda rijiya ke da gaba ashirin. Yana da 'ya mai shekara tara, Adila. Ya ga ruwa, ya tsorata, ya kafa mata doka: kada ta kusanci ruwa, ko wanka a bakin gulbi, ko wasa da 'ya'yan masunta. Yarinyar ta bi dokar sau da ƙafa. Wata ranar Alhamis aka tashi daga makaranta, aka tarar ruwa ya ƙaru a kan hanya, ya kai gwiwa. Yaran gari suka jeru suka bi ta inda ruwan ke motsi yana karkaɗa kan ciyawa. Adila ta ga motsin ya ba ta tsoro. Gefe guda kuwa ga wani wuri ruwan ya kwanta lumui, baƙi, ko gezau ba ya yi. Sai ta bar layi ta nufi can. Duk ɗan shekara biyar a Tudun Kurungu ya san ruwan da ke karkaɗa ciyawa shi ne marar zurfi, wanda ya kwanta baƙi kuwa gurbi ne. Babu wanda ya taɓa gaya wa Adila, domin an hana ta zama da waɗanda suka sani. Da la'asar masunta suka fito da ita.

Bayan sadakar bakwai Gumsu ta ɗauki littafin rubutu ta tafi wurin Sarkin Ruwa. Yini uku tana zuwa tana zama a gefen da yake gyaran taru. Tsohon ya yi mamakin tambayoyinta, domin a ganinsa waɗannan ba abubuwan koyarwa ba ne, kowa da su yake tashi. Ta rubuta duka. Daga nan littafinta mafi tsawo ya fito, Zulfa Ta Haye, babi takwas, labarin wata 'yar masunta da ke son ta zama ta ɗaya a aji. A babi na shida ruwa ya rufe hanya ranar jarrabawa. Zulfa ta ɗaure littattafanta a ka, ta ɗauki sanda tana dungura ƙasa kafin kowane taku, ta jira abokan tafiya domin ba a shiga ruwa mutum ɗaya. Ta bi inda kan ciyawa ya leƙo, ta kauce wa baƙin ruwa mai kwanciya. Da ƙasa ta kuɓuce mata a tsakiya, sai ta kifa ƙirjinta a kan goran da ta rataya, irin babban goran da masunta ke hawa, ta bar ruwan ya ɗauke ta a karkace har ta dafa gaci, ba ta yi kokawa da shi ba. Ranar da Gumsu ta karanta babin a aji, babu ƙafar da ta motsa.

Ta yi shekara goma sha huɗu a ƙauyen, sannan aka maido ta Haɗeja. Ɗahiru ya rasu a 2009. Ta yi ritaya a 2011 da littattafai talatin da ɗaya, kuma ko ɗaya ba a taɓa buga shi a maɗaba'a ba. Sau huɗu ta aika wa kamfanoni, sau huɗu ba amsa. Ba ta ɓoye cewa abin yana damunta. Takan ce tana so, kafin ta mutu, ta riƙe littafi mai bango mai kauri, da sunanta a jiki, wanda ba ita ta ɗinke shi ba. Ga shi kuma yanar ido ta rufe idonta na hagu, ta fara taɓa na dama.

A farkon 2023 wani kamfanin buga littattafai na Kano ya yi shelar neman labaran Hausa na 'yan aji uku. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje ce za ta ɗauki nauyi, a buga kwafi dubu arba'in a raba wa makarantu. Malam Shu'ibu, wanda shi ma ya daɗe da ritaya, ya sa tsohon kwafin Zulfa Ta Haye a ambulan ya aika ba tare da ya gaya mata ba. Bayan wata biyu edita ya zo Haɗeja da kansa. Sunansa Abdulmuhaimin, matashi ne mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya ce a cikin labarai ɗari da sittin nata ne ya zo na ɗaya. Ya fito da samfurin bango daga jaka. Ga Zulfa da jan ɗankwali, ga ruwa shuɗi, ga GUMSU KOLO da manyan baƙaƙe. Ta kai shi dab da idonta na dama ta daɗe tana kallo. 'Yarta Radiyya, wadda ke aikin jinya a gari kuma take zaune da ita, ta juya baya tana share ido.

Sai da aka ci abinci sannan ya kawo maganar. Ya ce gyara ɗaya ne kawai. Masu ɗaukar nauyin suna da doka: ba za a nuna yaro yana shiga ruwa mai zurfi ba a littafin da suka biya. Bayan ambaliyar bara, wadda ta ci gidaje da rayuka, ba wanda zai sa hannu a kan babi na shida. Ya riga ya rubuta madadinsa, shafi biyu. A ciki Zulfa ta zo bakin ruwa, ta tuna gargaɗin malaminta, ta koma gida ta jira har ruwa ya janye. A ƙasa an sa a cikin akwati: Yara, kada ku kusanci ruwa.

Gumsu ta ce ambaliyar bara ba labari aka ba ta ba, katangar bayan gidan nan da yake zaune a ciki ita ta kayar. Ta tambaye shi ko ya taɓa zuwa fadama da damina. Ya ce bai taɓa ba. Ba ta ce masa a'a ba a ranar. Ta ce ya bar mata shafukan, za ta yi musu abin da take yi wa nata.

Radiyya ta yi kwana uku tana lallashinta. Ta ce babi bakwai sun fi babu. Ta ce yara dubu arba'in za su san Zulfa, maimakon hamsin-hamsin da aka yi shekaru ana yi. Ta ce likita ya faɗa, idon dama ba zai wuce shekara biyu ba idan aikin idon da za a yi mata bai yi ba.

"Iya, ki bari a buga. Wanda yake son na shida ya zo gida ki karanta masa."

"Wadda za ta bar layi ba za ta zo gida ba," in ji Gumsu. "Ba ta san tana bukata ba."

Malam Shu'ibu ma ya zo, yana dogara sanda. Ya ce shi ya jawo wannan magana, kuma shi dai a ganinsa ta karɓa. Taurin kan Barebari ne ya hana su mallakar ko saniya ɗaya ta kirki. Ta ce masa wanda ya aika da kayan mutane ba izini a garinsu ɓarawo ake ce masa, amma tunda bawanta ne ta yafe. Suka yi dariya, amma tasa ba ta daɗe ba, domin shi ne ya rufe rajistar aji uku da hannunsa a 1988, ya ja layi a kan suna ɗaya.

Ranar Litinin Radiyya ta ɗauki hutu ta raka ta Tudun Kurungu. Yanzu akwai titi har rabin hanya, amma kacala, doguwar ciyawar nan da ta cinye fadama, ta toshe tsofaffin hanyoyin ruwa, ruwan ya koma bin inda bai saba bi ba. Makarantar tana nan a tudunta. Malamin aji uku jikan wata ɗalibarta ne. Ya ba ta kujera, ta ƙi zama. Ta karanta babi na ɗaya zuwa na biyar da ka, domin ta haddace su. Da aka zo na shida ta miƙa wa Radiyya shafukan edita ta ce ta karanta da kyau, kada ta rage musu komai, ita kuma ta sunkuya tana kallon ƙarƙashin benci da idon da ya rage.

Ƙafafun ba su yi lilo ba da farko. Yaran suna jira ne su ji yadda Zulfa za ta yi. Da aka ce ta koma gida, sai murzar ƙasa ta fara. Radiyya ta karanta abin da ke cikin akwatin, ajin ya amsa da "To" a tare, irin amsar da ake ba babba. Wata yarinya a benci na biyu, mai suna Bintu, ta ɗaga hannu.

"Malama, har yaushe ta jira?"

"Har ruwa ya janye," in ji Radiyya.

Bintu ta lissafa da yatsu, Agusta, Satumba, Oktoba, Nuwamba. Ta ce ai kuwa an gama jarrabawa, Zulfa ta faɗi. Wata ta ce ƙila Zulfar baƙuwa ce. Gumsu ta tambayi ajin su nawa ne suka ratso ruwa zuwa makaranta a damanar bara. Hannuwa talatin da huɗu suka tashi a cikin arba'in da ɗaya. Ta tambayi sauran bakwai ɗin. Biyar a tudun makarantar suke zaune. Biyu 'ya'yan ma'aikata ne da aka kawo kwanan nan, kuma an hana su.

Ranar Laraba suka shiga mota zuwa Kano. Abdulmuhaimin ya karɓe su a ofis mai sanyi, ya sa aka kawo lemo. Gumsu ta ba shi lissafin yadda yake: talatin da huɗu, biyar, biyu. Ta ba shi labarin Adila ba tare da ta ƙara gishiri ba. Ya saurara da gaske, har ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce ya yarda da ita. Ya ce shi kansa ya rubuta wa masu ɗaukar nauyin sau biyu, amsar ɗaya ce: idan yaro ɗaya ya karanta babin ya shiga ruwa ya mutu, wa zai amsa? Ya kawo wata shawara, a bar babin amma a sa wani babba ya zo da kwalekwale ya ɗauki Zulfa.

Ta ce a Tudun Kurungu da safe kwalekwale yana wurin kamun kifi, manya kuma suna cikinsa.

"Hajiya, dubu arba'in ne fa," in ji shi a hankali. "Ba na jin dama irin wannan za ta sake zuwa."

"Na sani, ɗana. Shekarata sittin da bakwai, na fi ka sanin ba za ta sake zuwa ba." Ta laluba kan tebur ta jawo tsohon kwafinta mai ɗinkin zaren buhu. "Ka ce idan yaro ya karanta ya shiga, wa zai amsa. Suna shiga, ko da littafi ko babu. Wanda kuka rubuta an taɓa karanta wa wata yarinya shi, ubanta ne ya karanta mata, kuma ta ji magana. Ni ba zan sa sunana a ƙarƙashinsa ba."

Ya roƙe ta ta yi tunani zuwa Juma'a. Ta ce ta yi tunanin tun kafin a haife shi. Samfurin bangon yana kan tebur. Radiyya ta miƙa hannu za ta ɗauka, uwar ta ce ta bar musu kayansu. Suka kama hanyar Haɗeja.

Kamfanin ya buga labarin da ya zo na biyu. A watan Oktoba kwalaye suka iso makarantun Haɗeja, Malam Shu'ibu ya karɓo kwafi ɗaya ya kawo mata, yana cewa ya zo ne ya ƙona mata rai. Labarin wani yaro ne da ya tsinci agogo ya mayar wa mai shi. Ta shafa bangon, ta buɗe tsakiya ta shinshina takardar, ta sa Radiyya ta karanta mata shi daga farko har ƙarshe. Ta ce labarin ba shi da laifi, shafi na huɗu ne kawai ya yi tsawo.

Malam Shu'ibu ya tambaye ta, ba da wasa ba wannan karon, ko tana da-na-sani.

"Ya yi kyau," ta ce, tana riƙe da littafin. "Na so a ce nawa ne. Har yanzu ina so." Ta miƙa masa abinsa. "Amma da bakwai ba zan bayar ba."

A makon ne ta sayar da tumakinta biyu. Injin gurza takarda ya daɗe da mutuwa, akawun ma ya rasu, don haka Radiyya ta kai Zulfa Ta Haye wani shagon kwamfuta a bakin kasuwa, aka buga shi da manyan baƙaƙe, babi takwas cif, aka ɗauki hotonsa kwafi ɗari uku a farar takarda. Ninkewa da ɗinki a tsakar gida aka yi su. Gumsu ba ta ganin kafar allura yanzu, sai Radiyya ta zura mata zare, amma hannunta ya san inda huji uku suke. Malam Shu'ibu aka ba aikin jera shafuka, ya yi ta kuskure tana yi masa faɗa. Sati biyar suka yi.

Ta raba su da kanta ga makarantu goma sha ɗaya na cikin fadama, daga Kirikasamma zuwa ƙauyukan da mota ba ta kaiwa. A kowace makaranta takan tambayi hedimasta ko akwai 'ya'yan baƙi, waɗanda aka kawo iyayensu aiki daga tudu. Su take fara ba wa, hannu da hannu, ta ce su kai gida iyayensu ma su karanta. Aikin idon da aka yi mata daga baya bai yi ba. Tana nan a gidanta na Haɗeja, tana faɗa Radiyya tana rubutawa, kuma duk hedimastan da ya aiko neman ƙarin kwafi takan sa a tambaye shi ko babi na shida yana nan a waɗanda aka ba shi, kafin ta ce a zura mata zare.